Zane na Bakwai a Jikin Ƙofa

Da gwangwanin biskit a hammata wani matashin kafinta ya shigo ofishin, garin katako har a girarsa. Ya tsaya gaban tebur na uku yana rarraba ido.

"Nan ne ake gyara takardar gidan gado kyauta?"

Budurwar da ke teburin ta kalli gwangwanin, ta kalle shi. "Nan ne. Biskit ɗin nawa ne?"

Ya buɗe da murmushi. Rasit ɗin filin da kakansa ya saya ne a ciki, ya yi ja don tsufa. Shekara ashirin da rasuwar kakan, gidan yana nan da sunansa. Ta ce masa gwamnati ta ɗauki nauyin lauya da masu awo har ƙarshen wata mai zuwa, amma sai kowane magaji ya sa hannu. Kafinta yana ta gyaɗa kai, alhali rabin bayanin bai shige shi ba, wushiryarta yake kallo.

Sau biyar ya dawo a mako guda, kullum da tambayar da ya san amsarta. Ta sa masa suna Mai Gwangwani, shi kuma ya ajiye lambarta da Tebur Uku.

"Tebur Uku, hoton fasfo biyu kika ce, ko ni zan zo ki gan ni ido da ido?"

"Biyu na ce. Amma ka kawo su da kanka."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen babanta, mutumin da ya sha wuyar gidan haya, sai ya ce, "Yaron kirki ne, na bincika. Amma ba zan ba da ke ga wanda gobe wani ɗan uwa zai sayar da rufin da ke kansa ba. Ya kawo takarda mu yi magana. In ba haka ba, ga mai awon ofishinku nan yana ta aiko gaisuwa."

Ranar awo budurwar ta bi ma'aikata zuwa gidan. Kafinta ya ja ta ƙofar ɗakin kaka yana alfahari. Duk ƙofofin gidan ya sake su, ban da wannan, saboda a jikin katakonta kakan ya riƙa zana tsayin 'ya'yansa da wuƙa, kowa ranar da ya shiga makaranta.

Ta bi zanen da yatsa. Bakwai. Ta duba fom ɗin hannunta, suna shida.

"Baffa, na bakwai ɗin fa?" ta tambayi yayan babansa.

"Autarmu ce," in ji Baffa. "Ta yi aure nesa, muka ɗan saɓa, shekara talatin ba ta nemi komai ba. Mun ɗauka ta yafe."

Ta rufe fayil. "Ba zan tura shi haka ba."

Kafinta ya biyo ta waje. "Haba masoyiya, saura kwana tara! Kin san abin da Baba ya ce."

"Na sani. Amma haƙƙinta ne, kuma ranar da 'ya'yanta suka tashi, takardar ta zama banza."

Ya juya ya tafi da fushi. Ga shi ya ga mai awo ya buɗe mata ƙofar mota, sai zuciya ta ƙara masa gishiri. Kwana uku bai kira ba. Ta yi kuka, gaskiya, don tana son sa sosai. A na huɗu ta tura masa:

"Mai Gwangwani, gidan da zan zauna a ciki nake gyarawa, ba na wani ba. Ka je ka nemo Goggo."

Ya karanta sau uku, ya rufe shago, ya nufi tasha.

Wuni guda ya yi a mota. Goggo ta saurare shi fuska a ɗaure, har sai da ya nuna mata hoton ƙofar a waya. Ta daɗe tana kallon zanen da ya fi kowanne ƙasa.

"Ashe yana nan?" ta ce. "Na ɗauka kun kankare ni."

Ana gobe za a rufe shirin Goggo ta shigo ofis, Baffa na biye da ita idanunsa jajur. Ta sa hannu, sannan ta ce, "Wa ya ƙirga zanen ƙofar?" Aka nuna mata tebur na uku. Ta kama hannun yarinyar ta ƙi saki.

Takarda ta fito da suna bakwai. Baban yarinyar ya sa tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya ce, "To, ku sa rana."

Bayan ɗaurin aure, da baƙi suka ragu, Goggo ta jawo amarya ta tsayar da ita a jikin ƙofar kaka.

"Miƙe sosai, 'yata. Kai ango, ba ni wuƙarka."

Ta dafa kan amarya, ta ja zane na takwas.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya," ta ce. "Ya ba ku waɗanda za mu zana a ƙasa da wannan."

Duk gidan ya amsa da amin.