Hoto Ɗaya Tak

A wani ƙauye na Alaska akwai wata yarinya. Babanta yana kai baƙi kamun kifin salmon a jirginsa. Dokarsa ɗaya ce: babban kifi ba ya barin ruwa. A cikin ruwa ake cire masa ƙugiya, a sake shi.

Amma 'yan ajinsu sun dame ta da tsiya. Wai 'yar mai jirgi ce, ko kifin kirki ba ta taɓa kamawa ba!

Ran Asabar suna cikin jirgi, wata baƙuwa mai suna Madam Lindgren ta miƙa mata sandarta ta kamun kifi. Can sai zare ya ja. Tirƙashi! Ƙatuwar uwar kifi ce, ta kusa kai tsawon yarinyar.

Baba ya cire ƙugiya, ya ce, “Riƙe ta a ruwa, bari in ja angar jirgi.”

Yana juya baya, yarinya ta ciccibo ta da ƙyar.

“Madam, don Allah hoto ɗaya tak!”

Ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama biyar. Sai uwar kifi ta suɓuce, ta bugu da gefen jirgi, ta faɗa ruwa. Ga ta nan cikinta sama, ko motsi babu.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. A hankali ya ce, “Cikinta fal ƙwai. Irinta nawa suka rage a kogin nan?”

“Baba, ta mutu?”

“Ban sani ba, 'yata.”

Yarinya ta fashe da kuka. Baba ya janyo kifin, ya tura jirgi gaɓa. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta tallafe kifin, ta juya kan kifin wajen da ruwa yake tahowa don ya samu numfashi, kamar yadda ta sha ganin Baba yana yi.

Ruwan kamar ƙanƙara. Yatsunta suka sandare. Minti goma, shiru. Minti ashirin, shiru. Madam ta kau da kai tana share ido.

“Fito haka nan,” in ji Baba. “Kin yi iyakar ƙoƙarinki.”

“Ba zan fito ba! Ni na kashe ta, Baba. Ni na kashe su duka, saboda hoton banza!”

Wallahi abin tausayi. Shi kansa Baba ya fid da rai.

Sai ta ji wutsiya ta motsa a tafinta. Ta sake motsawa. Fat! Uwar kifi ta watsa mata ruwa a fuska, ta nufi saman kogi.

Baba ya lulluɓe yarinyar da rigarsa. Haƙoranta na kaɗawa ta ce, “Madam, goge hotunan.”

“To, 'yan ajinku fa?” in ji Baba.

“Su yi ta tsiyarsu. Na gane, Baba. Ba a wasa da rai don a burge mutane.”