Ranar Hoton Ƙwaƙwalwar Baba

"Maimaita min abin da yayarka ta ce."

A barandar asibiti Auta ta tsare Dogo, saurayin da aka riga aka sa musu rana. Idanunta sun kaɗa jawur.

"Haba farin cikina, nan ba wurin..."

"Ka maimaita, na ce!"

Ya sunkuyar da kai. "Cewa ta yi a ɗaga bikin. Wai ciwon Baba hauka ne... wai yana bin jini."

"Kai kuma ka ce mata me?"

Ya kawar da ido gefe.

"Ka ja baki ka tsuke ke nan. Mutumin da ya ɗauke ka ɗa, ya ba ka ni ko tambayar albashinka bai yi ba, shi aka kira mahaukaci a gabanka, kana zaune kamar an dasa ka."

Ɗazun nan likita ta juya mata hoton ƙwaƙwalwar Baba, tana nuna mata da biro. Ta ce sassan ƙwaƙwalwa ta wasu siraran hanyoyi suke magana da juna, na Baba kuwa tsinkewa suke ɗaya bayan ɗaya. Yana ganin fuskarta, sunanta ma wataƙila yana ciki, amma hanyar da za ta haɗa su ta yanke. Kuma ba ta ɗinkuwa.

Baban da tela ne, wanda ko alli ba ya sawa yake yanka yadi, yau maɓallin rigarsa ya gagare shi. Yayyenta maza kuwa sai dai waya: "Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Shi ke nan.

"Je ka ce wa yayar taka na fasa. Ta nemo maka mai jini mai kyau."

"Auta, ki saurare ni..."

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Nas ta fito da Baba, yana fizge-fizge, yana neman hularsa da ke kansa. Auta ta ruga.

"Baba, ni ce. Zo mu tafi gida."

Ya ture hannunta. "Baiwar Allah, kar ki taɓa ni. Matar wa ce ke?"

Sai idonsa ya sauka kan Dogo. Fuskarsa ta washe, ya kira shi da sunan ƙaninsa da ya daɗe a ƙasa, ya damƙe masa hannu. "Ina ka shige? Fitar da ni daga nan."

"Ga ni, Yaya. Mu je."

Auta ta tsaya tana kallonsu. Ita ke kwana kansa, ita ke lallashinsa ya ci abinci, amma a hannun wannan matsoracin ya samu natsuwa.

Dogo ya dube ta, hawaye kwance a idonsa. "Na yi rashin kirki, ban musa ba. Amma da safen nan na faɗa wa yayata ba za a ɗaga ba. Kuma a gidanku za mu tare. Aski da wankan Baba ba aikinki ba ne, nawa ne."

Ta daɗe tana hararsa.

"Ban yafe maka ba."

"Na sani."

"Ko gobe ba zan yafe ba."

"Zan jira."

Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta saɓa jakar magungunan, ta wuce gaba.

"Ka koma damarsa," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Ƙafar nan ce ke ba shi wahala a matakala."