Tulin Takin Baba Zlatko

"Fito mana daga gona!"

"Saura uku in gama."

"Uku na me? Kai, gonar gidanku ce?"

Tsvetan bai ɗago ba. Yana durƙushe a gindin sanfulawa, furen nan mai bin rana da ake matse mai daga 'ya'yansa, yana tuge wani tsiro mai shuɗin fure yana jefawa a buhu. Sai da ya tuge na ukun ya miƙe, ya ga mai faɗan. Doguwa ce, da takalmin roba da fartanya a kafaɗa. Rayna, 'yar Baba Zlatko, wadda ta dawo daga birni watan jiya.

"Ƙuduji ne," ya ce da ƙyar. "Saiwar sanfulawa yake kamawa ya tsotse. Gonarmu ce ta gefe. In ya bushe, iska ta kawo mana irinsa."

"Babana ma yana cirewa."

"Ya kai ina?"

"Kan tulin taki mana, kamar kowace ciyawa."

Ya tsaya yana kallonta. Irin ƙuduji kamar ƙura yake, yana iya shekara goma a ƙasa yana jiran saiwa. Tulin da bai yi zafi ya ruɓe sosai ba, ajiye shi kawai yake yi.

"Me ka tsaya kallo? Ka ga fatalwa?"

"A'a."

"To ba ni lambarka, likitan ciyawa. In wani abu ya ɓace a gonar nan, na san wanda zan kira."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Likita, na ƙirga. Ba abin da ya ɓace. Gobe ma za ka zo sata?"

Ya rubuta: "Zan zo."

Haka suka ƙare bazarar, suna tuge ƙuduji suna ƙonawa a bakin hanya. Ita ke magana, shi ke saurare. Ta kan kawo banitsa, gasasshen ƙullin fulawa mai cuku a ciki, a tsumma, ta ba shi babban yankin.

A ƙauyensu na yankin Dobruja, kafin a kalli rufin gidan mutum tulin takinsa ake kallo. Na Baba Zlatko ya fi na kowa. Ran da Tsvetan ya je neman izinin auren Rayna, tsohon ya zagaya da shi bayan garke yana alfahari.

"Shekara uku nake tara shi. Bana gonar marigayiya Nedyalka zai tafi, in sa mata sanfulawa."

Gonar mahaifiyar Rayna ce, ita kaɗai ta rage musu da ƙuduji bai taɓa ba. Da Tsvetan mai iya magana ne, da ya zagaya da maganar.

"Baba, kada ka kai. Takin nan guba ne."

"Me ka ce?"

"Cike yake da irin ƙuduji. Sauran gonakin ma su huta da sanfulawa. A sauya shuka, alkama, masara, wake."

"Yaron da bai gama fitar da gemu ba! Ka zo neman 'yata ne ko zagin takina?" Ya nuna ƙofa. "Momchil ma yana neman ta, ya fi ka ladabi, kuma yana da tarakta."

Rayna ce ta shiga tsakani, har uban ya yarda a raba gonar biyu da igiya. Rabi da taki, rabi babu.

"In ba abin da ya fito," in ji shi, "kada ka ƙara bi ta ƙofata."

Ranar watsa takin, Tsvetan ya hango ta daga gonarsu, zaune gefen Momchil a cikin tarakta, tana dariya. Ya juya gida. Kwana tara bai ɗaga wayarta ba.

Ran na goma ta rubuto: "Kurman ƙauye. Na hau ne don kada ya tsallake igiya. Na sa shi ya fara huɗa rabin da babu taki, ya wanke garmar tukun. Dariyar ma ta yadda laka ta ɓata masa sabon wando ce. Kai fa, me ka yi ban da fushi?"

Ya mayar mata: "Ki yi haƙuri, Kurciyata."

"Ƙara kalma biyu."

"Ina sonki."

"Ashe akwai baki."

Ƙanƙara ta rufe gonar, ta narke. A Afrilu aka yi shuka, yabanya ta tashi kore shar ta kowane gefen igiya. Tsvetan bai san me zai roƙa ba. In ƙuduji ya fito, ya sami Rayna, rabin gonar uwarta ya tafi. In bai fito ba, gona ta tsira, shi ya tafi.

"Wanne kake so?" ta tambaye shi.

"Kada ya fito."

Ta kama hannunsa.

Wata safiya a Yuli, Baba Zlatko ya tsaya a bakin shingen su Tsvetan, hularsa a hannu.

"Kai, likita. Ɗauko buhunka."

Shuɗin furen ya fito jefi-jefi a rabin takin, ya tsaya daidai igiya. Su uku suka durƙusa suna tugewa tun bai yi iri ba. Can tsohon ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Rayna ta gaya mini abin da ka ce kana so." Ya jefa wani a buhu. "Baɗi masara. Ku turo manyanku bayan kaka."

A Oktoba aka ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauyen. Aka ɗaga musu babban burodi bisa kai su karya, a ga wanda zai mulki gida. Rayna ta tashi da kusan duka. Momchil ya fi kowa ihu.

Baba Zlatko ya miƙe da kofinsa. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya cika muku rumbu, ya cika muku ɗaki. Gonar Nedyalka taku ce, mai kyaun da mai ciwon. Ku yi jinyarta."

Aka ce amin. Rayna ta gutsuro nata burodin ta sa wa mijinta a baki. Tsohon bai zauna ba. Ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya gyara gashin baki.

"Wai ku duk tsammani kuke ban san da ƙudujin nan ba tun farko?"