Gemun Makoki

"Ba zan aske ba, Nevena. Ki daina ɓata bakinki."

Obren ya faɗi haka hannuwansa biyu a kan sitiyari, alhali ko tada motar bai yi ba. Fitowarsu ke nan daga ofishin likita a Belgrade.

"Da kunnenka ka ji ta. Ranar Alhamis ta ce."

"Na ji. Ranar Asabar kuma arba'in ɗin Baba."

"Ta ce idan ka saki wannan gurbin, sai bayan sabuwar shekara. Layi ake bi, Obren, ba gonarka ba ce da za ka shiga lokacin da ka ga dama..."

"To, a kai bayan sabuwar shekarar."

Ta juyo ta dube shi da kyau. Gemu ya cika masa fuska, baƙi wuluk, tun ranar da aka binne mahaifinsa Radisav. A al'adarsu ta Sabiya ɗa namiji ba ya sa reza a fuska sai an yi addu'ar arba'in ɗin ubansa, kuma Obren shi kaɗai ne ɗa a gidan. Mutanen ƙauyensu za su iya yafe wa mutum ya sha ya faɗi a ƙofar coci, amma ya tsaya bakin kabarin ubansa da haɓa sumul, wannan har jikokinsa sai sun sha gori.

Ƙarƙashin gemun nan abin ya ɓuya. Ita ce ta gano shi, wata rana tana shafa masa fuska tana lallashinsa, yatsanta ya ci karo da wani ƙulli mai tauri ƙasan muƙamuƙinsa na hagu. Ya ce kaluluwa ce, za ta sace. Sai da ta yi kuka ta yi zuciya kafin ya yarda aka soka allura aka ɗebi ruwan wurin. Yau likita ta gaya musu ba ɓoye-ɓoye: ɗan ƙurjin da aka cire masa a leɓe bara ciwon daji ne da ya bar iri. Za a tsaga daga ƙasan kunne zuwa haɓa, a kwashe duk kaluluwar ɓangaren. Mai yiwuwa a taɓa jijiyar leɓe, bakinsa ya ɗan karkace. Kuma fuska a aske za a shiga da ita ɗakin tiyata.

"Rabin raina," ta ce, ta sassauta murya. "Babanka da yana nan, me zai ce?"

"Kada ki sa Baba a cikin wannan."

"To mahaifiyarka Inna Lepa fa? Ka gaya mata, ita za ta..."

"Nevena." Ya juyo karon farko, idanunsa jajur. "Wannan ciwon ne ya cinye mata miji a kan idonta. Ko sunansa ba ta iya kira, sai dai ta ce wancan abin. Baƙin ɗankwalinta bai ga wanki ba tukuna, ki ce in je in ce mata saura ni?"

"Gara ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin mai haƙa kabari."

Ta ji tsoron abin da ta faɗa. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana.

"Ki rantse ba za ki gaya mata ba. Idan kika gaya mata, ni da ke mun gama. Kin san ni, ba na faɗa in janye."

Ta san shi kuwa. Shekara uku suna tare, an sa ranar aure, rasuwa ta ɗaga ta zuwa baɗi, kuma ba ta taɓa ganin ya haɗiye maganarsa ba. Ta rantse, hawaye na zuba, don dai ya tada motar.

Da la'asar suka isa ƙauyen, can saman garin Cacak inda Nevena ke koyarwa. Inna Lepa tana zaune a baranda cikin baƙaƙen kaya, da faranti a cinya, tana tsince alkamar da za a dafa da zuma a raba a bakin kabari. Ta ɗaga ido ta auna ɗanta daga sama har ƙasa.

"Har yanzu wuyan? Na ga yadda kake juya shi."

"Ba komai, Mama. Da sauƙi."

"Iskar taga ce. Na faɗa na ƙara." Ta harari Nevena ta gefen ido. "Ku 'yan birni, a buɗe taga nan, a buɗe can, iska ta ratsa mutum ta kwantar da shi. Anjima zan jiƙa tsumma da barasa in ɗaura maka."

Kowace tsohuwa a ƙasar Sabiya ta yi imani iskar taga ta fi bindiga kisa, kuma Inna Lepa ita ce shugabarsu. Da wata rana ce da Nevena ta yi dariya. Yau ji ta yi kamar ta kurma ihu.

"Me kuka je yi Belgrade?"

"Maganar masu sayen tuffa," in ji Obren, bai ko ƙifta ido ba. Ya kurɓi kofi a tsaye, ya ce zai leƙa masu tsinka a gona. Da zai wuce ya dubi Nevena, kallo guda, ta gane abin da yake nufi.

Ta ja kujera ta sa hannu a farantin. Tsohuwar ba ta hana ta ba, ba ta kuma yi mata sannu ba. Tun da aka kawo ta gidan nan, Inna Lepa ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "'yar nan" sai "malama".

"Ba ki iya ba, malama. Ga tsakuwa nan kin bari."

"Yi haƙuri, Inna."

"Kin ga gemunsa? Sak na ubansa lokacin da kakansa ya rasu. Jiya maƙwabciyarmu matar Milun take cewa, Lepa, kin haifi ɗa. Wasu 'ya'yan yanzu mako guda sun aske, wai wurin aiki." Ta murmusa, murmushin farko da Nevena ta gani a fuskarta tun rasuwar. "Ranar Asabar zai tsaya a kan ubansa da kyandir, kowa ya gani."

Hannun Nevena ya tsaya cak cikin alkamar. Tana son Obren so mai ciwo, kuma ta san kalma ɗaya za ta raba ta da shi. Ta san kuma idan ta kame bakinta, ƙullin nan zai ci gaba da girma cikin sanyin hunturu, ita tana kallo, tana riƙe da rantsuwarta.

"Inna Lepa... ba iska ba ce."

"Me?"

"Wuyan Obren. Ba wajen masu tuffa muka je ba. Asibiti muka je."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Yatsunta suka ci gaba da tsinta, sai dai yanzu alkama mai kyau take zubarwa ƙasa.

"Wancan abin ne?"

"Shi ne, Inna."

"Wuƙa za ta iya cire shi?"

"Likita ta ce yanzu za ta iya, ranar Alhamis. Bayan hunturu kuwa ba ta yi alkawari ba. Amma sai an aske gemun, kuma ba zai samu zuwa arba'in ba. Shi ya sa ya ƙi." Muryarta ta karye. "Ya sa na rantse. Ya ce idan na faɗa miki, ya bar ni."

"Kuma kika faɗa."

"Na faɗa."

Inna Lepa ta ajiye farantin a ƙasa. Ta daɗe tana kallon gonar tuffa da ta gangara bayan gida.

"Radisav ma haka ya yi," ta ce. "Yana tari da jini a hankici, ya ce a bari a gama tsinka. Ni kuma na biye masa, ina ta dafa masa ganye." Ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. "Ɗora ruwa a wuta, 'yar nan."

Ta taka zuwa bakin shinge ta ƙwala kira, kiran da ya sa karnukan maƙwabta haushi. "Obren!"

Da ya hawo, ya tarar da kujera a tsakar gida, da kwanon ruwan zafi, da sabulu, da tawul. Uwarsa tana tsaye da almakashi a hannu. Bai dube ta ba, Nevena ya duba, kuma ba ta taɓa ganin irin wannan kallon a idonsa ba.

"Kin rantse min."

"Na rantse. Na karya."

"To shi ke nan. Kin zaɓa."

"Zauna," in ji Inna Lepa.

"Mama, ki saurare ni. Saura kwana kaɗan ne. Me mutane za su ce? Ɗan Radisav ya kasa..."

"Mutane ne suka yi naƙudarka? Zauna, na ce."

"Baba fa? Da wane ido zan..."

"Ubanka yana kwance, ba gemu yake bukata ba. Wanda zai riƙa kunna masa kyandir baɗi da baɗin baɗaɗa yake bukata. Kana so in dafa alkama sau biyu a shekara ɗaya?"

Ya zauna. Ta kama gemun ta dama ta datse da almakashi, gashin ya zuba a kan tawul.

"Ka gani, ni na yanke, ba kai ba. Idan ubanka yana da magana, ya zo ya same ni, mun saba faɗa. Wanda duk ya tambaya ranar Asabar, a turo min shi."

Ta ci gaba da datsa har ta zagayo hagu. Nan yatsunta suka sauka a kan ƙullin, ba tsumma a tsakani. Ta tsaya. Ta sauke almakashin.

"Nevena," ta ce. "Zo ki ƙarasa, 'yata. Hannuna ya ƙi."

Nevena ta shafa kumfa ta ɗauki reza. Ta bi kuncinsa a hankali, ta zagaye ƙullin ba ta taɓa shi ba, hawayenta na ɗiga a kan rigarsa. Obren ya rufe ido. Har ta gama, har ta goge masa fuska, bai ce mata uffan ba.

Bai kuma ce ba har ranar Alhamis. Uwarsa yake yi wa magana, ita ta isar. A mota, a ɗakin asibiti, ko da aka tura gadonsa zuwa tiyata, hannun uwarsa ya riƙe. Nevena ta tsaya jikin bango, ta yarda a ranta cewa ta rasa shi, ta roƙi Allah ya bar shi da rai ko ba nata ba ne.

Suka zauna a benci su biyu tun safe har rana ta karkata. Inna Lepa ta tashi ta rufe tagar barandar asibitin, ma'aikaciya ta buɗe, ta sake rufewa. Da likita ta fito, ta ce an kwashe duka, za a auna abin da aka cire kafin a san ko sai an ƙara da gasa wurin da hasken na'ura. Leɓen ya ɗan taɓu. Ya farfaɗo, amma mutum ɗaya za a bari ya shiga.

Nevena ta ja da baya. Tsohuwar ta tura ta gaba da gwiwar hannu.

"Shiga. Idan ya kore ki, ki zo ki gaya min, ni ma in shiga in yi masa nawa."

Yana kwance, bandeji daga kunne har haɓa, da siririyar roba tana janye jini daga wuyansa. Gefen bakinsa na hagu ya sauka kaɗan. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta, ita kuma ta kasa matsowa.

"Har yanzu..." Maganar ta fito a karkace, da ƙyar. "Har yanzu ina fushi da ke."

"Na sani."

"Sosai."

Sai ta ga hannunsa yana lalube a kan zanin gado, tafin a buɗe. Ta ƙaraso da gudu ta kama shi, ta kifa goshinta a kai, kukan da ta danne tun safe ya ƙwace mata.

"Ka yi ta fushinka, rabin raina," ta ce. "Ka yi shekara hamsin kana yi. Ni dai ka yi shi a gabana, da ranka."