Sunan da Aka Shafe a Ƙofar Gareji

Ranar da Anjila ta zo wani gareji a garin Patan karɓar sandunan kiɗan yayanta, Bimochan ne ya buɗe mata. Ta dubi gashinsa da ya miƙe tsaye kamar ƙaya, ta ce, "Bushiya, ina manyan?"

Sunan ya bi shi daga ranar.

A garejin nan ƙungiyar makaɗa ta Khiya take gwada kiɗan punk, mai sauri da hayaniya, shekara goma sha uku. Mutum ashirin da biyu sun shiga, sha takwas sun fita. Duk sunayensu suna jikin ƙofa, kuma al'adar ita ce sabon shiga shi zai ja baƙin fenti a kan sunan wanda ya gada.

Anjila ta tsaya kan sunan yayanta, Subarna. Shekara tara yana buga musu ganguna, sai babur ya karya masa wuyan hannu.

"Wa ya shafe wannan?"

"Kafin na zo ne," in ji Bimochan.

Ƙarya ce. Riƙon wurin Subarna na wata uku aka kira Bimochan ya yi. Shi ya ce wa sauran hannun Subarna ba zai ƙara sauri ba, shi ya ja fentin tun ɗorin mutumin bai warke ba.

Soyayya dai ta shiga. Yakan je shagon shayin babanta ya sha kofi huɗu don ya gan ta. Ta turo masa saƙo:

"Bushiyata, shayinmu ba magani ba ne. In ni kake so ka faɗa."

Ya mayar, yana kiranta da sunanta na gida: "Ke nake so, Kanchi. Shayin ma ba shi da daɗi."

Amma duk sanda ya hango Subarna zaune bayan shago yana murza hannu, sai ya kau da kai.

Da maganar aure ta taso, Baba ya ƙi. Ya ce, "Mahaukatan nan sun cinye min ɗa sun tofar, yanzu 'ya suke so? Ga ɗan abokina yana aiki a Qatar, gashinsa a kwance."

Anjila ta ce, "Baba, wannan daban yake. Ba ya cikin waɗanda suka wulaƙanta Yaya."

Bimochan yana tsaye ya ji. Kwana biyu bai iya cin abinci ba. Rana ta uku ya rubuta:

"Kanchi, ni na shafe sunan. Ni na ce a cire shi. Na yi miki ƙarya tun ranar farko. Kada ki ƙara kare ni gaban Baba."

Sati biyar shiru. Har an kawo hoton mutumin Qatar, ba ta ce a'a ba.

Bimochan ya kwance ƙofar garejin, ya ɗora a kai, ya dire ta gaban shagon shayi da tsakar rana. Ya durƙusa da samfefa yana kankare fentin har yatsunsa suka yi jini. Subarna ya fito ya tsaya a kansa.

"Yaya, ni ne."

"Na sani, sakarai. Layin ma a karkace ka ja shi, kamar kiɗanka."

"Ga sanduna. Ka koma wurinka."

Subarna ya ɗaga hannun, yana rawa. "Gaskiya ka faɗa musu, hannun ya tafi. Abin da ya ci ni, ba wanda ya zo ya faɗa min a ido. A ƙofa na karanta."

Bimochan ya sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Mawaƙinmu ya samu bizar Koriya, wurinsa ba kowa."

"Ban iya waƙa ba."

"Shi ma bai iya ba."

Subarna ya yi dariya, ta farko cikin shekara guda. Baba ya ji daga ciki, ya ajiye butar hannunsa.

Da yamma saƙon Anjila ya shigo: "Ban gama fushi ba. Ka wanke yatsun da ruwan gishiri. Kuma gobe ka zo ka kwashe ƙofarka, ta tare mana masu shayi."

Baba bai sauko da wuri ba. Sai da ya ga ɗansa yana fita gwaji kullum, yana dawowa murya a dashe, yana cin faranti biyu. Sannan ya kira Bimochan. "Na ba ka. Amma ranar biki gashin nan zai kwanta."

Ranar biki gashin ya kwanta. Da Baba ya manna musu jar tika, alamar sa albarka, a goshi, ya ce, "Ku zauna lafiya. Wanda ya ɓata wa ɗan'uwansa, ya faɗa masa a ido."

Khiya ta yi kiɗa, tsofaffi suka toshe kunne. Ƙofar ta koma garejinta. Sunan Subarna yana nan, ana karanta shi, amma tabon fentin bai fita duka ba. Bimochan ya so ya sake kankarewa, Anjila ta riƙe hannunsa.

"Bar shi, Bushiya. Ka riƙa gani."