Kan Azarar Soron Sada

Ran da abin ya fara, Rahamatu tana kwashe tuwo, 'yarta Zinariya tana tsugune tana ɗauraye akushi, ladan bai ma ida kiran magariba ba. Sai wani abu ya faɗo tsakar gida tim. Dawuda, maigidan, uban Zinariya, ya ɗauka ya jujjuya. Tubali ne irin na da, har da shatin yatsun wanda ya mulmula shi. Ya ɗaga kai ya dubi soron kakansa, bai ga inda ya ɓare ba.

Duk Kusada babu soro irin wannan. Kakan Dawuda, Sada magini, ya gina shi tun kafin zuwan Nasara, bakan gizo huɗu suka haɗu a tsakiyar rufinsa, da rani ka shiga sai ka nemi mayafi. A ciki aka haifi Dawuda, a ciki ubansa ya cika. Aibinsa ɗaya ne, kan wata azara da ya leƙo waje ta gabas, kamu guda, baƙi ƙirin. Sada ya bar wasiyya kada a taɓa shi. Dalili kuwa, kamar yadda tsofaffi suka saba, ya tafi da abinsa kabari.

Da kakar shekarar nan dagaci ya aiko cewa Baturen rangadi zai biyo daga Kankiya, mai son ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine ne, a gyara. Dawuda mutum ne mai son a yaba. Ya yi wa soro sabon yaɓe, ya shafe shi da makuba, sannan ya tsaya yana hararar kan azaran nan. Sara uku ya yi masa da gatari, ya liƙe gurbin, ya wurga guntun bakin murhu. Zinariya ta hura wuta da shi. Bature ya zo, ya zagaya sau ɗaya, ya ɗauki hotonsa ya wuce, ko ruwa bai sha ba.

Tun daga faɗowar tubalin farko, kowace magariba sai ɗaya ya faɗo. Daga baya aka fara jin nishi cikin rufin, irin na wanda kaya ya yi wa nauyi. A rana ta bakwai Zinariya ta miƙe tsaye a tsakar gida, ta ɗaga hannuwa biyu sama da kanta, tafuka a shimfiɗe, ta sandare.

Maza uku suka kasa sauke hannuwan. Kwana huɗu tana tsaye, ba ci ba sha, kafaɗunta suka kumbura, leɓɓanta suka tsattsage. Rahamatu ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta koma ɗiga mata ruwa da tsumma. Dawuda kuwa tsoro ya cika shi, don ya san hannunsa ne ya jawo, ya kuma kasa faɗa.

A rana ta biyar bayan la'asar, Modibbo Bube, malamin garin Kaikai da aka aika a kira, ya sauka daga jakinsa. Ya shimfiɗa buzu gaban yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har inuwar soro ta rufe su. Sannan ya ce, “Kai wane ne, kuma mi ka zo nema?”

Bakin Zinariya ya buɗe, muryar tsoho ta fito. “Cikin giginya nike tun ba a san Kusada ba. Sada ya roƙe ni ya sare ta, ya bar mani kan azara in riƙa shan iska, ni kuma in riƙe mashi rufi. Gara ta cinye azaran nan tun shekarar da fara ta sauka. Mi kuke tsammani ke riƙe da shi?”

Dawuda ya durƙusa. “Ni na sare. Bari in buɗe wurin yanzu, in sa wata azarar.”

“Wadda aka ƙone ba ta dawowa, jikan Sada. Hayaƙinta na biyo, na shiga inda ya shiga. A bar mani yarinyar, soro shi tsaya har jikokin jikoki. Ko kuwa in sauke hannu.”

Modibbo ya ce, “Ba a ciniki da ɗiyar mutane. Amma alkawalin na gidan nan ne. Maigida, sai ka sallame shi da bakinka.”

Dawuda ya waiwaya ya dubi soron. Sabuwar makuba tana sheƙi da jan yamma. Bai daɗe ba, numfashi biyu ne ko uku. Amma Rahamatu tana kallonsa.

Ya ce, “Sauke.”

Modibbo ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba, ya nuna masa dajin gabas. Ladan ya ɗaga murya. Hannuwan Zinariya suka sauko sannu a hankali, ta sulale jikin uwarta. Rufin ya yi nishi na ƙarshe, ya zauna cikin kansa, ƙura ta turnuƙe gidan. Da ta lafa, ba a tsinci azara ko ɗaya ba, sai gari.

Zinariya ta warke, ko da yake ba ta ƙara iya ɗaukar tulu a ka ba. Suka koma ɗakin ciyawa. Rahamatu ba ta taɓa tayar da zancen ba, sai bayan shekara biyu da ta iske Dawuda yana kwaɓa ƙasa a kufan soron. Ya ce mata zai sake tayar da shi, ya fi na da.

Ta ajiye masa ruwa, ta ce, “Malam, kada ka ƙara gina abin da za ka tsaya waiwayenshi.”