Suwaitar Arusha

"Wa ya aike ka, Uwaisu? Don Allah wa ya ce ka je?"

A wajen ajiye motoci na kantin da nake aiki a titin Wendover, cikin garin Greensboro, muke tsaye, zafin Yuni yana tasowa daga kwalta, ni ko rigar aiki ban cire ba. Shi kuma ya jingina da motarsa yana kallona kamar ni ce na yi masa laifi.

"Na gaji da jira ne, Rahinata. Na gaida Baba, na durƙusa har ƙasa, na ce ina son ya ba ni ke..."

"Sai ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Tashi ya yi ya shige ɗaki, ya bar ni da talabijin."

Na dafe kai. Uwaisu yana ƙaramin yaro aka kawo shi Amurka, Hausarsa ma sai an yi haƙuri da ita. Ga hankali, ga karatu, likitan dabbobi guda, amma a ce saurayi ya ɗauki ƙafa shi kaɗai ya je neman aure a bakin uban yarinya, babu manya, babu ko ƙwayar goro? Kuma yarinyar 'yar fari.

Ni ce 'yar farin Baba, kuma Allah bai ba iyayena wani ba bayana. Baba mutumin zamanin da ne, irin waɗanda ba sa kama sunan ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, bai kuma taɓa tsayawa ya dube ni sosai ba. In yana son ruwa sai ya ce wa Mama, "A ce wa waccan ta kawo ruwa," ni ina zaune a gabansa. A Malumfashi wannan ba komai ba ne, ga baffanni ga gwaggwanni, kowa yana jan ka a jiki. Nan kuwa mu uku muka zo, ina 'yar makarantar firamare. Da Mama ta rasu muka binne ta a Greensboro, sai gidan ya zama ni da shi, babu wanda za a ce wa ya ce wa waccan.

Duk na bayyana wa Uwaisu wannan, ba sau ɗaya ba. Ya ce ya ji, amma shi dai abin da ya gani mutum ne da ba ya son rabuwa da 'yarsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban iya ƙaryata shi ba.

Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi aiki a Arusha, ƙasar Tanzaniya, zai riƙa duba lafiyar namun daji da shanun makiyayan da ke kewaye da gandun dajin can. Ƙarshen Yuli zai tafi, kuma so yake a ɗaura aure mu tafi tare. Ni ma so nake, wallahi so nake kamar raina. Amma Baba ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, ya bar aikin da yake yi a wurin sayar da motoci a High Point Road, ya bar tuƙi. Ni ke kai shi masallacin Juma'a, ni ke auna masa jini, ni ke tuƙa masa tuwo. In na tafi, wa zai ji in ya faɗi a banɗaki?

Na koma gida da la'asar na same shi a kujerarsa, ya miƙe ƙafar a kan filo, tashar namun daji tana yi. Na gaishe shi, ya amsa wa bango kamar kullum. Na shige kicin.

Ina cikin yankan albasa na ji ya gyara murya.

"Kai kuma mai bayanin nan," in ji shi, da talabijin yake, "ka cika mu da zaki da giwa. Ba ka gaya wa mutane cewa ƙasar nan damina biyu take yi ba. Babbar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, hanyoyi su lalace, mota ta kafe a taɓo."

Na leƙo. Raƙuman dawa ne suke tafiyarsu a dajin Serengeti na Tanzaniya. A gida Baba malamin labarin ƙasa ne a sakandare, amma tun da muka zo ban taɓa jin ya yi wa kowa darasi ba.

Daga ranar kullum sai an yi. Da na shiga kicin sai ya buɗe aji. Yau ya gaya wa talabijin cewa sauron can ba ya wasa, duk wanda ya daɗe a Amurka jininsa ya manta zazzaɓi, sai da magani da gidan sauro. Gobe ya ce ba a shiga sai da biza, kuma mai hankali ya yi allurar shawara kafin ya tashi. Jibi ya ce a hannun hagu suke tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya yana yaro, duk wanda ya saba da nan ya ƙetare titi da ka to mota ta kwashe shi. Akwai ƙudan tsando a daji. Ba a shan ruwan famfo sai an tafasa.

Ina jin sa ina dama miya, zuciyata tana tafasa fiye da tukunyar. Wato tsorata ni ake yi. Shekara da shekaru mutumin nan bai ce mini ci kanki ba, yau da ya ga zan tafi ya samo bakin magana, kuma ba ma da ni ba, da akwati! Na riƙa buga murfi da gangan. Ko a jikinsa.

Wata rana kuma ya shiga tarihi. Ya ce da Jamusawa ne suka riƙe ƙasar, bayan yaƙin duniya na ɗaya Turawan Ingila suka karɓa, sunanta Tanganyika. Tsibirin Zanzibar daban yake, ƙasar kanumfari da Larabawan Oman, Musulmi fal, sai a 1964 suka haɗe. Ya ce babban birni a takarda Dodoma ne, amma kowa a Darussalam yake harkarsa. Muryarsa ta yi taushi a nan, har ya ce sabulu ma "sabuni" suke ce masa, baƙo ba zai sha wuyar harshen ba. Na ajiye masa abinci a gabansa na wuce ɗakina, na kifa kai a filo na yi kuka mai isata. Kaɗaici ne ya ishe ni, ga mutum a falo amma babu wanda zan gaya wa.

Ranar Asabar na kira Uwaisu muka haɗu a wurin shan kofi. Ban yi kwana-kwana ba, na ce masa ya tafi, Allah ya haɗa shi da wadda ba ta da nauyi a kanta.

"Ba wata nake so ba, Rahina. Ke nake so."

"Na sani."

"To in bar aikin?"

"Ka bari in ga ka zauna kana yi wa karnukan Turawa allura kana jin haushina? A'a."

Idonsa ya kaɗa. Ya ce ko da bayan shekara ne zai jira, na ce ciwon suga ba ya warkewa bayan shekara. Na tashi na bar kofin ban taɓa ba. A mota na kasa ganin hanya, sai da na tsaya a gefen titi.

Da na isa gida babu Baba. Kujerar a wofi, sandarsa ba ta nan, talabijin a kashe. Mutumin da ko akwatin wasiƙa ba ya zuwa shi kaɗai! Na duba banɗaki, na zagaya bayan gini, na buga wa maƙwabta ƙofa. Na ɗauki waya zan kira asibiti, sai na ji tsayuwar mota.

Alhaji Alassane ne, abokin Baba, mutumin Maraɗi mai kantin kayan abinci a High Point Road, da matarsa Anti Jimmai. Su suka riƙo Baba, yana ɗingishi, rigarsa jiƙe da gumi, ya ƙanƙame wata leda a hammata. Bai dubi inda nake ba, ya miƙa wa Anti Jimmai ledar ya shige ɗaki.

Anti Jimmai ta ja ni kicin tana faɗa ƙasa-ƙasa. Wai bas ya hau tun da safe, ya bi kantuna yana neman rigar sanyi a tsakiyar Yuni, 'yan kanti suna yi masa kallon mahaukaci. Da ya rasa ya taka da wannan ƙafar har shagon gwanjo, daga can ya ƙarasa kantinsu ya zube a kan buhun shinkafa.

"Rigar sanyi ta me?" na ce.

"Ke ma kya tambaya. Cewa ya yi garin da za ki yana gindin dutse, Yuli can sanyi ake zubawa, kuma ya san ki, za ki ce Afirka ce ki cika akwati da atamfa."

Na tsaya ina kallonta.

"Garin da zan je?"

Ta riƙe haɓa. Ashe tun washegarin zuwan Uwaisu, Baba ya kira Alhaji a waya ya ce ga amana, Alhajin ne waliyyina, tun da babu baffa a kusa. Ya ce yaron yana da kirki, rashin sani ne kawai, a nemo manyansa su zo yadda ake yi. Alhaji kuma ya tafi Atlanta saro kaya, ya bar maganar sai ya dawo. Har ɗaki an gyara wa Baba a gidansu na Summerfield, shi da kansa ya roƙa, mutumin da ya sha rantsuwa ba zai zauna a gidan wani ba.

"Ce mana ya yi kullum yana yi miki bayanin ƙasar," in ji ta. "Wai har kin kusa haddacewa."

Na zauna a ƙasan kicin. Na buɗe ledar. Suwaita ce ruwan toka mai kauri, da maɓallai a gaba. Na ɗaga ta, Anti Jimmai ta fara dariya, sai kuma ta daina. Ta yarinya ce. Daidai jikina lokacin da muka sauka ƙasar nan, ina riƙe da zanin Mama.

Na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa. Na ce, "Baba, na gode. Amma ba zan iya barin ka ba."

Daga ciki ya ɗaga murya, ba da ni ba.

"Alhaji, a gaya mata ban kawo ta ƙasar nan don ta yi jinya ba. A gaya mata uwarta ma da haka za ta ce."

A daren na kira Uwaisu na ce ya turo manyansa. An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, kawun Uwaisu ya zo daga Raleigh da goro da alewa. Baba bai zauna a sahun gaba ba, bai kuma raka mu filin jirgi ba. Da na je sallama yana kujerarsa a sabon ɗaki, ya gaya wa talabijin cewa mai tafiya ya riƙe sallah, ya kuma riƙa gaida manya da "shikamoo", haka suke yi a can. Na ce to. Na jira ko zai juyo. Bai juyo ba.

Duk abin da ya faɗa haka na tarar a Arusha. Dutsen Meru yana tsaye a kan garin, da safe hazo ya rufe shi, sanyi har cikin ƙashi. Sau biyu mota ta kusa kwashe ni. Na ga giwaye da jakunan dawa da idona, na ga dutsen Kilimanjaro da farin kansa ranar da gari ya washe, kuma duk abin da na gani sai na ji ina neman wanda zan ba labari daga kicin.

Ranar Lahadi da yamma Baba ya kira, ta wayar Uwaisu mana. Na matso na manna kunne. Ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan sama, ya tambaya ko ana tafasa ruwa. Uwaisu ya ce yaya Summerfield. Ya ce lafiya lau, akwai dawakai, akwai abinci, jikokin Alhaji suna ta hidima da shi.

"Sai dai talabijin ɗin ne," in ji shi. "In na yi masa magana yanzu, yaran sai su ce mini da Turanci wai da wa nake."

Na toshe bakina da hannu. Ya yi tari, sannan ya ce, "Rigar fa... ta yi wa mutanen gidan naka daidai?"

Suwaitar tana kan cinyata, ko hannu ɗaya ba ya shiga. Na karɓe wayar.

"Ta yi daidai, Baba. Ita ce a jikina."

Ina jin numfashinsa, da ƙarar talabijin can a bayansa. Bai kashe ba, bai kuma ce a miƙa wa Uwaisu ba.

"Madalla," ya ce. "Ki riƙa ɓalle maɓallin wuya."